Fatar gaban yarona ta maƙale, wurin ya kumbura: in jira safiya?

Baban Khalifa (10:47 na dare):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku gafarce ni da irin maganar da zan kawo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarona shekararsa 4, ba a yi masa kaciya ba tukuna. Wajen ƙarfe 5 na yamma Gwaggona da ta zo mana kwana biyu ta yi masa wanka, ta ce ba ma wanke masa gaba yadda ya kamata, sai ta ja lobar baya da ƙarfi har kan ya fito. Ya ƙwalla ƙara, ta ce shagwaɓa ce. Ashe ba ta mayar da fatar ba. Bayan isha'i uwarsa ta zo sa masa wandon barci ta tarar wurin ya kumbura, fatar ta naɗe a bayan kan kamar an sa masa zobe, tana sheƙi kamar da ruwa a ciki. Na gwada jawo ta, ko taɓawa ya ƙi bari. Ya yi fitsari kaɗan yana kuka. Muna Gyallesu, Zariya. In jira gari ya waye, ko akwai abin da zan shafa masa?

Maman Ilham:
Subhanallahi, Allah sarki yaro. Anya ba cinnaka ba ne? Nawa ya taɓa zama a ƙasa ba wando, wurin ya haye suntum, na shafa masa man kaɗanya, da safe ya sace.

Abu Sadik PZ:
Malam abin ai ya zo da sauƙi. Da asuba ka kira wanzami ya yanke ta gaba ɗaya, ka huta. Jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Ɗan Kwangila:
Ka nemi kafso ja da yalo a kemis, ka fasa ka barbaɗa. Ka haɗa da tofi.

Sista Tudun Wada:
Baban Khalifa don Allah kada ka barbaɗa komai, kada ka jira safiya. Ɗauke shi yanzu. Likita kina kusa? Ki zo ki ga wannan.

Likita Umman Yara (10:58 na dare):
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, yadda ka kwatanta, wannan shi ne abin da muke kira farafimosis. Bakin loba a yaro ƙarami matsattse ne. In aka ja shi ya wuce kan, sai ya shaƙe wuyan gaban kamar yadda zobe ke shaƙe yatsa. Jini yana shiga, komawarsa ke gagara, sai wurin ya kumbura, kumburin kuma ya ƙara matse zoben. Haka abin zai yi ta ciyar da kansa. Daga ƙarfe 5 zuwa yanzu awa 6 ke nan. Duk awar da aka ƙara, mayar da fatar na ƙara wuya, kuma in aka bar shi ya daɗe jini na iya daina isa kan, naman ya fara mutuwa.

Ka tafi duk asibitin da ya fi maka kusa wanda ka san akwai likita a daren nan. Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan bai yi maka nisa ba, in kuma kana da mota asibitin koyarwa na Shika akwai sashen gaggawa na yara. Ka daina gwada ja da ƙarfi. Za ka iya ba shi farasitamol na yara daidai nauyinsa, ka ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, amma ban da ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata. Kada a ƙara ba shi abinci, ko da za a buƙaci sa shi barci. Ka dubi launin kan, ja ne ko ya fara duhu?

Baban Khalifa:
Ja ne sosai, gefe ɗaya ya ɗan yi kamar shuɗi-shuɗi. Gwaggo tana cewa dare ya yi, a bari da safe, wai ita ta raini maza 6 ba a taɓa kai ko ɗaya asibiti kan wannan ba.

Likita Umman Yara:
Ka ba Gwaggo haƙuri, ka ce mata likita ce ta ce. Tashi.

Baban Khalifa:
To. Maƙwabcina ya fito da mota.

Abu Sadik PZ:
Ni fa ban ga laifin shawarata ba. Kaciyar ai dole za a yi ta.

Sista Tudun Wada:
Za a yi ta, amma ba a kan kumburi ba, Yaya. Naman da ya sha ruwa ya haye, mai yanka ba ya gane iyakar fata, jini kuma ya fi zuba. A nan ake haɗawa da abin da ba a yi niyya ba. Garin neman gira a rasa ido.

Maman Ilham:
Ni ma na ji kunya wallahi. Ashe ba kowane kumburi ne ɗaya ba.

Likita Umman Yara:
Ba abin kunya ba ne Maman Ilham, cizon cinnaka da na kiyashi suna kumbura wurin sosai, domin fatar sakakkiya ce, ruwa kaɗan ke cika ta. Bambancin shi ne a cizo yaro yana susa, fitsari yana fita lafiya, fatar tana mazauninta, ba wani zobe da ya shaƙe. Wannan kan sace cikin kwana ɗaya ko biyu.

Baban Khalifa (1:36 na dare):
Alhamdu lillahi mun dawo gida. Bari in faɗa muku yadda aka yi tunda barci ya ƙi zuwa. Likitan da muka samu saurayi ne, yana gani ya ce yaushe abin ya faru, na ce ƙarfe 5, ya dube ni bai ce komai ba, kallon ya ishe ni. Suka shafa masa wani man da ke kashe zafi, aka jira ya kama. Sannan ya naɗe wurin da bandeji mai laushi, ya dunƙule hannunsa a kai ya matse a hankali, ya riƙe. Ni na rungume yaron ta ƙirji, nas ta riƙe ƙafafu. Ina kallon agogon bango, ya fi minti 5 bai saki ba, yana ta yi wa Khalifa hirar ƙwallo. Da ya kwance sai na ga kumburin ya ragu ya yi yamutsa-yamutsa. Ya sa manyan yatsunsa biyu a kan ya danna ciki, sauran yatsun suka jawo fatar gaba, sai ta zame ta rufe. Yaron ya yi ƙara ɗaya, can sai ajiyar zuciya. Ba su sallame mu ba sai da ya yi fitsari a gabansu. Ya ce da ta ƙi komawa sai an tsaga fatar ta sama. Ya ce kada kowa ya sake ja, mu dawo bayan kumburin ya sace gaba ɗaya a sa ranar kaciya. Likita, Sista, Allah ya saka da alheri. Gwaggo tana zaune a tsakar gida da carbi har muka dawo, ba ta ce uffan ba.

Hajiya Babba Tukur-Tukur (6:20 na safe):
Barka da arziki ɗana. Kada ka riƙe Gwaggonka a zuciya, haka aka koya mana. Mu ma da muna jego cewa ake in ba a buɗe ana wankewa ba datti zai taru ya zama ciwo. To yanzu Likita ki warware mana, a wanke ko kada a wanke? Ina da jikoki maza uku a gabana.

Likita Umman Yara:
Ina kwana Hajiya. A wanke, amma waje kawai, kamar yadda ake wanke yatsa, da ruwa, ba sai an cika sabulu ba. Jariri ana haifarsa ne da lobar manne da kan, halitta ce, ba cuta ba. Da kanta take rabuwa a hankali, wani a shekara 3, wani sai ya kusa balaga. Wani likitan makarantu a ƙasar Danmak, inda ba su cika kaciya ba, ya bi yara maza kusan dubu biyu yana dubawa, ya fitar da sakamakon a 1968: a 'yan shekara 6 zuwa 7, kusan 8 cikin 100 ne bakin fatar bai buɗe ba, amma a 'yan 16 zuwa 17 saura 1 cikin 100, ba tare da an yi musu komai ba. Ja da ƙarfi shi ke tsattsaga bakin, in ya warke ya bar tabo, tabon kuma ba ya miƙewa. Ka ga an ƙirƙiro matsewar da da babu ita.

Abubuwa biyu na tsorata iyaye a banza. Ɗaya, wani farin abu kamar cuku da ke taruwa a ƙarƙashin fatar har ya yi ɗan ƙullutu. Ba mugunya ba ce, matattun ƙwayoyin fata ne, da kansa yake fita. Na biyu, fatar ta cika kamar balan-balan lokacin fitsari sannan ta sace. In ba zafi, fitsarin kuma yana fita sosai, yawanci yana wucewa. Wanda za a kawo mana shi ne mai yunƙuri kafin fitsari ya fito, ko yana ɗiga-ɗiga, ko bakin fatar ya yi fari fat ya taurare kamar tabon ƙuna, ko wurin yana yawan yin ja da mugunya da wari, ko da zazzaɓi. Kuma wanda tasa ta riga ta buɗe, duk wanda ya ja ta don wanki ya mayar da ita nan take. Ko mu a asibiti, in an sa wa marar kaciya robar fitsari aka manta ba a mayar ba, abin da ya sami Khalifa ne ke faruwa.

Malam Bala Samaru:
Ni tambayata ga Baban Khalifa ce, ba da faɗa ba. Me ya sa aka bar yaro har shekara 4? Nawa duka kafin arba'in aka yi musu kaciya ta zoben roba, ba su ma san an yi ba. Da an yi da duk wannan bai taso ba.

Baban Khalifa:
Mahaifina ne ya hana. A gidanmu sai yaro ya kai 7, a haɗa su da 'yan uwansa a yi musu lokacin sanyi. Ya ce haka aka yi masa, haka ya yi mana.

Alaramma Na Kusfa:
Mahaifinka bai yi a kan jahilci ba. Kaciya tana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a hadisi. A mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi ga namiji, kuma lokacin da malamai suka fi so shi ne sanda ake fara umartar yaro da salla, daga shekara 7 zuwa 10, har sun karhanta yin ta ranar suna. Shafi'awa kuwa wajibi suka ɗauke ta, kuma sun so a yi ta rana ta bakwai. Kun ga akwai yalwa. Amma in lalura ta zo, likita ya ce a yi, babu malamin da zai ce a jira shekara ta cika.

Dattijo Na Kwarbai:
Kun tuna mini da tamu. Mu tara aka tara a zaure da sassafe, hunturu na kaɗawa, kowa an tona masa ɗan rami a gabansa. Wanzami ya buɗe zabira, wani ƙato ya riƙe ka ta baya, a ce dubi tsuntsu can, kafin ka sauke kai an gama. Da dare a sa maka kara tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta goge wurin. Ana wanke mana da ruwan bagaruwa, ga kaza ga fura, har sai da muka yi kumatu. Duk muka warke sai ɗaya, ɗan baffana, da jininsa ya ƙi tsayawa har la'asar. Aka ce maita ce, aka yi ta turare. Allah ya yi da sauran kwanansa. Sai da ya girma aka gano jininsa ne ba ya daskarewa, ko haƙori ya cire sai an kwantar da shi.

Likita Umman Yara:
Baba, wannan da kuka faɗa ita ce himofiliya, kuma ta wajen uwa take bin 'ya'ya maza. Shi ya sa kafin kaciya muke tambaya ko a kawunnan yaro akwai mai zubar jini da ba ya tsayawa. A faɗa wa duk mai yin kaciyar, likita ne ko wanzami.

Ɗan Sarkin Aska:
Na ga an fara karkata ana ɗora wa wanzamai. Sana'ar gidanmu ce, kakana da ubana sun yi wa unguwa guda kaciya. Yanzu kowane yaro da sabuwar reza muke masa, muna sa safar hannu. Kuma ku faɗi gaskiya, ta zoben ma ana samun matsala. Da idona na ga jaririn da aka kawo wa Baba, roba ta zame ta koma tsakiyar gaban ta nutse cikin nama, mako biyu ba ta faɗi ba. A wani ɗakin shan magani aka sa masa, ba wanzami ba. Baba ya ce wannan ba aikinsa ba ne, su wuce asibiti.

Sista Tudun Wada:
Gaskiyarka, kuma Allah ya saka wa Baba da ya san iyakarsa. Zoben Plastibell girma-girma ne, in aka sa wanda bai dace ba yakan zame. Yawanci yana faɗuwa da kansa cikin kwana 5 zuwa 8. In ya kai kwana 10 yana nan, ko ya gangara baya, ko kan ya kumbura ya yi duhu, a koma a cire, kada uwa ta ja da hannu. Ɗan rawaya-rawayan da ke kwanciya a kan bayan kwana biyu warkewa ce, ba mugunya ba, kada a kankare. Amma jini ba a wasa da shi. Jariri mai kilo 3 duk jinin jikinsa bai wuce rabin ledar fiya wata ba. In an danna da tsumma mai tsabta minti 10 yana ci gaba da ɗiga, a tafi. Haka in awa 12 ta wuce bai jiƙa famfas ba.

Likita Umman Yara:
In ƙara ɗaya, Ɗan Sarkin Aska, ka isar wa abokan sana'a. Yaron da aka haifa fatar ta rufe sama kawai kamar hula, ƙasa a buɗe, har mutane su ce an haife shi da kaciya, a duba inda fitsarinsa ke fita. In ƙofar tana ƙasa ba a tsinin ba, kada a yanke komai. Da wannan fatar likitocin tiyata ke gyara masa hanyar fitsari. An sha kawo mana bayan an riga an yar da ita.

Ɗan Sarkin Aska:
Wannan mun sani, Baba ba ya taɓa irinsu. Amma zan faɗa a taronmu.

Maman 'Yan Biyu Hanwa:
Tunda ana maganar zobe, ku bar ni in faɗi nawa. Hassan yana wata 4, an daɗe da yi masa kaciya, ya kwana yana tsala kuka, an ba shi nono ya ƙi, an goya ya ƙi. Da safe ina canza masa famfas na ga gaban ya kumbura daga tsakiya zuwa kai, da wani siririn layi kamar an ɗaure. Ashe gashina ne guda ɗaya ya naɗe, ya nutse har ba a ganinsa. Lokacin gashina na zuba sosai bayan haihuwa. Sai da aka sa gilashin ƙara girma a asibiti aka ciro shi. Yanzu in jariri na kukan da ban gane ba, tsirara nake masa in duba gaba da yatsun ƙafa.

Shugabar Zaure:
Wata 'yar uwa ta turo mini ta gefe, ta ce a sakaya sunanta. Ga saƙon: "Likita, maigidana shekararsa 51, yana da kaciya, amma wata 3 ke nan kan gabansa yana ja yana ƙaiƙayi, yana tsattsagewa, wani lokaci ya ɗan kumbura. Ni ma ina fama da ƙaiƙayi. Mun sha maganin sanyi na kemis da na gargajiya, ya lafa ya dawo. Har zargi ya fara shiga tsakaninmu. Ya ce shi ba zai je ya buɗe wa kowa ba."

Abu Sadik PZ:
Gaskiya da wuya. Ni ma in mace ce likitar ba zan iya ba.

Sista Tudun Wada:
Sai ka ce namiji kake so, ai ana ba ka. Jiya kai ne mai cewa a yanke, yau kai ne mai kunya. Wanzami ba ya son jarfa.

Abu Sadik PZ:
Sista kin gama da ni, na yi shiru.

Likita Umman Yara:
'Yar uwa, ba zan iya yanke hukunci ban gani ba, amma kafin zargi a auna sukari. Namiji mai wannan shekaru da irin wannan ciwo mai tafiya yana dawowa, abu na farko da ke zuwa mana a rai ke nan. In sukari ya yi yawa a jini yana fita a fitsari, wani naman gwari mai suna kandida kuma ya sami abinci ya yaɗu. Ba sai an yi neman banza ake samunsa ba. Ki lura, yana yawan jin ƙishirwa? Yana tashi fitsari sau da yawa da dare? Ya rame? Kiyashi na bin inda ya yi fitsari? Awon ba ya buƙatar ya tuɓe, yatsa kawai za a huda da safe kafin ya ci komai. In ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, sai a maimaita don a tabbatar. Ki fara jan shi da wannan, in ya shiga ɗakin likita sauran zai zo da sauƙi. Ku je tare a duba ku duka, domin in da ruwa mai fita ta ƙofar fitsari ko gyambo, maganinsa daban ne, kuma ku biyun za ku sha.

Abin da ba na so ya jira shi ne wannan: mai sukari in gabansa ko marainansa suka kumbura da zafi mai tsanani da zazzaɓi, fatar ta fara baƙi ko wari, a daren za a tafi. Cuta ce mai cin nama cikin awoyi. Haka gyambo ko tsiro a kan da ya yi makonni bai warke ba, a nuna, domin kansa ma takan fito a wurin.

Malam Bala Samaru:
Likita, wanda fuska da ƙafafu da gaba duk suka kumbura fa, ba zafi? Akwai almajirin da ke mana aike haka yake tashi da safe, idanu kamar an dake shi.

Likita Umman Yara:
Wannan ba ciwon gaba ba ne, ruwa ne ya taru a jiki, kuma a yaro ƙoda muke fara tuhuma, musamman in fitsarinsa na kumfa. Ka taimaka ka kai shi a auna fitsarin, ko cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau in cikin gari yake. Ka sanar da malaminsa.

Maman Abba Sabon Gari:
Ni ɗana mai sikila ne, shekara 14. Kwanaki na ga yana tashi da asuba yana zagaye tsakar gida a dunƙule, in na tambaya ya ce ciki ne. Sai yayansa ya faɗa mini wai gabansa ne ke miƙewa da zafi ya ƙi kwanciya.

Likita Umman Yara:
Yana faruwa sosai ga masu sikila, jinin ne ke maƙalewa a ciki, ba sha'awa ba ce, ba iskanci ba ne, a faɗa masa haka don ya daina ɓoyewa. In ya fara ya sha ruwa da yawa, ya yi fitsari, ya ɗan zagaya, ya yi wanka da ruwan ɗumi, ya sha maganin zafinsa. Shi ban da ruwan sanyi ko ƙanƙara. In ya kai awa 2 bai kwanta ba ku kama hanya, kada a bari ya kai 4, domin daga nan naman ciki ke fara lalacewa, abin ya shafe shi har bayan aure. Ko yana kwanciya da kansa, ki faɗa a asibitin sikilarsa a zuwa na gaba. In ya fi sakewa da babansa ko yayan, su raka shi.

Maman Abba Sabon Gari:
Na gode. Yayan zan sa, da shi yake hira.

Baban Khalifa (bayan kwana 9):
Salam. Mun koma yau, kumburi ya sace tas, sai ɗan tsagewa a bakin fatar da ke warkewa. An ba mu rana nan da mako 4. Na je na sami Baba da maganar, na karanta masa abin da Alaramma ya rubuta. Ya yi shiru, ya ce to a yi a asibitin, amma da sharaɗi biyu: wanzamin gidanmu zai zo a ba shi ladansa ko bai taɓa aska ba, kuma sauran jikokin suna nan a kan 7. Gwaggo ta koma gida jiya, ta bar kuɗin zakara ta ce a yanka wa ɗan kaciya.

Ɗan Sarkin Aska:
Sharaɗin farkon nan ya yi mini. Wace unguwa ce gidan Baban?